Tambayar da Ta Raba Ni da Aikin Tafinta

Shekaruna tamanin da tara a bana, abin da zan faɗa kuwa ya yi shekara sittin da bakwai da aukuwa, tun gada ba ta haye Kwara ba, tun mai zuwa Dahome daga Gaya sai ya sauke kayansa a bakin ruwa ya jira jirgi. Jikana ne ya tayar mini da maganar. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zauna kusa da ni a zaure da wayarsa, wani mutum a cikinta yana ta zuba da Faransanci, wai duk abin da Kiristoci suka riƙe, da haihuwa ba uba, da mutuwa, da tashi a rana ta uku, aro suka yi daga tatsuniyoyin arnan dā. Yaron ya dube ni yana murna, a zatonsa sabon abu ya kawo mini. Na ce ya rage muryar, domin na ji wannan magana tun kakarsa ba ta yi wayo ba, kuma ni ba a waya na ji ta ba. Ta bakina ta bi, har ta ci mini aiki.

Gayar da na tashi a cikinta gari ne da ake gane lokaci da kunne. Kiran salla ya wuce, sai taɓare su kama, gida ya amsa wa gida. Hantsi ya yi, sai ka ji filafilai suna bugun gefen jirage, masunta sun dawo, mata suna kiran juna da Dandanci a wurin bandar kifi, hayaƙinta yana bin iska har cikin kasuwa. Jakunan fatake su shigo da gishirin Foga, su fita da goro. In iska ta taso, ganyen giginya ya riƙa kaɗawa kamar ana yayyafi. Aikina kafin a kai ni lakwal, wato makarantar boko, shi ne yankan ciyawar jakunan mahaifina da ba su ruwa, kuma har yau in na rufe ido ina jin sanyin raɓa a ƙwaurina. Yanzu ka zauna a zauren nan tun safe har yamma, ba abin da za ka ji sai kukan manyan motoci da suka yi layi suna jiran hayewa, da babura, da waya a hannun kowa. Mahaifina Bahaushe ne bafatake, mahaifiyata Badandiya, lakwal kuma ta ƙara mini Faransanci. Da waɗannan harsuna uku aka ɗauke ni tafinta a biro, ofishin kumandan mai mulkin gari, ina da shekara ashirin da biyu, aka ba ni kujera da hular da ba kowa ke sa irinta ba. Ban ɓoye ba, na ji kaina ƙwarai.

A cikin sautukan garin akwai ɗaya da ba namu ba, amma mun saba da shi har ya zama namu. Wani mutumin Dahome ne ke aikin jinya a ɗakin shan magani na gwamnati. Likita muke ce masa, ko da yake likitan gaske yana can Dosso. Kirista ne, kuma da yake limaminsu sai sau ɗaya ko biyu yake leƙowa a shekara, shi ke tara 'yan'uwansa ma'aikata 'yan kudu ranar Lahadi. Ya rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a reshen tsamiya, in hantsin Lahadi ya yi sai ya buga shi, su taru su yi waƙoƙinsu. Ba mu salla tare da shi, bai kuma taɓa kiranmu ba. Amma shi ya cire wa mahaifiyata kurkunu a ƙafa, yana zuwa gidanmu kullum yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan har kusan wata guda, bai bari ta tsinke ba. Tun daga nan in ya wuce ƙofar gidanmu, mahaifina kan miƙe tsaye ya gaishe shi.

Sai aka kawo mana sabon mataimakin kumandan, saurayi siriri mai yawan karatu, ba ya rabuwa da littafin rubutu a aljihu. Mushe nake ce masa, yadda ake kiran maigida da Faransanci. Mu a lokacin mun ɗauka kowane Annasara mabiyin Annabi Isa ne, sai ga wannan bai yarda da kome ba, ba coci, ba masallaci, ba tsafi. Ba mugu ba ne, bai taɓa sa a doki kowa a gabana ba, amma yana da ciwon son a ce shi ya fi sani. Da ya gane Likita mai riƙon addini ne, sai ya mai da shi abokin gardama. Kullum in an tashi aiki ya bi ta ɗakin magani, ina biye, ya ce masa mutanen Masar na dā suna da abin bautar da aka kashe ya dawo, Girkawa suna da wanda aka haifa ba uba, duk tun kafin a san Almasihu, saboda haka addininsa tsohuwar riga ce aka rina. Likita yakan saurara yana wanke allurai, sa'an nan ya ce waɗannan mutane sun mutu tun tuni, ba wanda zai iya zaunar da su ya tambaye su abin da suke nufi. Wata rana Mushe ya ce to, zai kawo masa mai rai, daga bakin kogin nan.

Wanda ya zaɓa shi ne wani tsohon Basarke, masunci na gado, da ke zaune a ƙarshen unguwar masunta, wanda kowa ke kira Baba. Shi ke shiga gaba in za a buɗe kamun kifi, shi ya gaji maganganun da kakanninsa ke yi wa ruwa, ko da yake yana salla. Muka je mu uku, da ni da Mushe da gardi Hamani, mutumin Karakara, yana ɗauke da sukari da taba. Mushe ya ce in tambayi Baba ko a labaran kakanninsu akwai wanda aka haifa ba uba, aka kashe shi, ya tashi. Na juya masa tambayar da Dandanci. Baba yana gyaran koma, ya ce babu. Ya ba mu waƙar tuƙin jirgi, muka dawo. Muka sake komawa da wani sukarin, tambaya ɗaya, amsa ɗaya. A zuwa na uku, cikin tsakiyar bazara, Baba ya dubi kayan da aka ajiye a gabansa, ya dubi Mushe ya daɗe, sa'an nan ya ce akwai wani labari.

Ya ce an yi wani mutum wanda namiji bai taɓa kusantar uwarsa ba, abokansa duk masunta ne. Manyan gari suka yi masa hassada suka kashe shi, aka sa gawarsa a kogon dutse irin na bayan gari. A rana ta uku mata suka je suka tarar ba kowa. Su kuwa abokansa suna kan ruwa sun gaji ba su kama ko tarwaɗa ba, sai ga shi a gaɓa, ya ce su jefa koma ta ɗaya gefen, suka jefa, ta cika har ta kusa yagewa. Suka fito suka tarar ya hura wuta, ya zauna ya ci gasasshen kifi tare da su. Ni dai na juya kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba, domin a lakwal ɗinmu ba a karantar da addini, ban san inda labarin ya dosa ba. Mushe yana ta rubutu. A hanyar komawa ya dafa kafaɗata ya ce in aka mai da shi Yamai, babban birni, da ni zai tafi, in zama tafintan babban biro. Ranar ban taka ƙasa sosai ba.

Kashegari ya karanta wa Likita, ya ce ga tsoho da bai san karatu ba, bai taɓa ganin coci ba, ga kuma labarin da ya gada daga arna. Likita bai dubi Mushe ba, ni ya duba. Ya tambaye ni ko da kunnena na ji, na ce da kunnena. Ya tambaya ko na ƙara wani abu don in faranta wa maigidana, na rantse ban ƙara ba. Shi kansa ya san bai taɓa zama da Baba ba, domin Sarkawa suna da nasu magunguna, ba su zuwa wurinsa. Ya ce da wani ne ya faɗa ba ni ba, da bai yarda ba. Sa'an nan ya ajiye allurar da ke hannunsa ya shiga ciki. Matarsa, wadda muke kira Madam, ta riga ta haye zuwa garinsu haihuwa, ba shi da wanda zai buɗe wa ciki. Lahadi ta zo, ƙarfen tsamiya bai yi ƙara ba. Ta biyu ma haka. Mutanensa suka riƙa tsayawa a gindin itacen suna watsewa. Likita ya ci gaba da ba da magani, amma ya rame, ya daina barkwanci da tsofaffi. A Lahadi ta uku mahaifiyata ta ɗaga kai daga tankaɗe ta tambaye ni ko Likita ba shi da lafiya ne, ta daina jin ƙarfensa. Na ce ban sani ba, alhali na sani.

Mushe bai ƙoshi ba, yana so Likita ya ji da kunnensa. Ya aike ni in gaya wa Baba za mu zo ranar Talata da hantsi. Na tarar Baba ya fita duba jirgi, sai 'yarsa Bibata a bakin banda tana juya kifi, yarinya ce mai baki, ba ta jin tsoron hular kowa. Tana ganina ta fara dariya.

"Tafinta, ina gajiya? Annasaranka ya ji daɗin labarin Madam?"

Na ce wace Madam. Ta ce ta Likita mana, wace Madam ke garin nan da ke ciniki kamar za ta cire wa mutum ido. Kafin ta tafi haihuwa ta zo neman giwan ruwa babba, wai suna da salla. Bibata ta tambaye ta sallar mene ce ba rago, Madam ta zauna a kan turmi ta ba ta labarin da gurguwar Hausarta, Baba yana gefe yana ɗinkin koma kamar ba ya ji. Bayan ta tafi ya ce wannan annabi ya san mutanen da ya kamata a yi abota da su. Na tsaya a wurin hayaƙi yana shiga idona. Da Baba ya dawo na tambaye shi, bai ko yi musu ba. Ya ce baƙo ya zo ƙofarsa sau uku da kyauta a hannu, a al'adarsu ba a sallamar irin wannan hannu wofi, abin kakanni kuwa ba a ba wanda bai sha ruwan rantsuwa ba, ko ɗan cikinka ne. Ya rasa yadda zai yi, sai ya tuna yana da labari daidai da wanda ake nema, kuma na mutanen baƙon ne. Bai ga laifi ba ga mai da wa mutum kayan gidansu.

Na koma gida. Bayan la'asar na sami mahaifina a zaure na faɗa masa duka, har da maganar Yamai. Yana jan tasbaha ya ce, "Ka san abin da muka riƙe game da Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Haihuwarsa ba uba gaskiya ce, kisansa kuwa ba mu yarda an yi ba. Da Likita zai bar abin da yake kai domin ya gane hanya, ni zan fara yanka rago. Amma yanzu ba hanya aka nuna masa ba, ƙasa aka janye daga ƙarƙashin ƙafarsa, kuma da rantsuwarka aka janye ta." Bai ce in yi kaza ba. Ya tashi ya tafi duba jakunansa, ya bar ni da maganar.

Ranar Talata, a hanya, na matsa kusa da Mushe na ce akwai abin da ya kamata a tambayi tsohon, wato inda ya samo labarin. Ya ɗaga hannu ya ce tsofaffi duka daga kakanni suke samo nasu, kuma in tuna aikina juya magana ne, tambaya tasa ce. Wannan ita ce dokar tafinta ta fari, na san ta tun ranar da aka ba ni hula, na kuma san hukuncin wanda ya karya ta. Muka isa. Baba yana zaune a inuwar jirgin da aka kife, Bibata a wurin banda, Hamani ya tsaya a baya da sandarsa. Likita ya zo da farar rigarsa ta aiki, ya cire hula ya riƙe a hannu kamar mai jiran hukunci. Baba ya sake ba da labarin, na juya. Da aka zo wurin gasasshen kifi na ga leɓen Likita yana motsi, yana bin maganar tun kafin in faɗa. Mushe ya rufe littafinsa yana murmushi.

A nan ne na ce da Faransanci, da murya yadda kowa zai ji, akwai tambaya guda da ta rage, ni zan yi ta da bakina. Ban jira izini ba, na juya ga tsohon da Dandanci.

"Baba, don Allah, a bakin wa ka ji wannan labari?"

Ya ɗaga allurar ɗinkin koma ya nuna Likita. "A bakin matar wannan. Ranar da ta sayi giwan ruwa, ta kuma taya shi da arha."

Na juya shi kamar yadda ya fito, har da arhar. Likita ya dubi Baba, ya dubi Bibata da ta toshe baki da gefen zane, sai ya ce a hankali ya tuna kifin, kwana biyu suka yi suna cinsa. Ya zauna a kan jirgin, ya fara dariya, dariyar ta juye hawaye, ta sake komawa dariya. Mushe ya yi ja har wuya. Ya ce in tambayi tsohon dalilin da ya sa ya yi masa ƙarya. Baba ya ce bai yi ƙarya ba, an tambaye shi ko ya san labari, ba a tambaye shi na wane ne ba, kuma labarin mai kyau ne, ya yi mamakin mutumin da ya bar irinsa a gida ya taho neman na wasu da sukari.

Zan faɗi gaskiyar Mushe ko da ya kore ni. Ya buɗe littafin, ya yage takardun da hannunsa, ya cusa a aljihu. Sa'an nan ya ce wa Likita wannan ɗaya ta faɗi, amma na Masar da na Girka suna nan daram. Likita ya share ido da bayan hannu ya ce, "To, Mushe, ka kawo su bakin ruwa, tafinta ya tambaye su a bakin wa suka ji."

Kashegari na tarar da wani a kujerata. Ba a ce na yi ƙarya ba, an ce biro ba ta aiki da tafintan da ke yin tambayar kansa. Na miƙa hula na fito, na koma bayan jakunan mahaifina, daga baya na shiga harkar mota, a cikinta na tsufa. Yamai sai da fatauci na san ta. Lahadin da ta biyo muna ɗaure buhunan gishiri a ƙofar gida, sai ƙarfen tsamiya ya yi ƙara, ya fi na kullum daɗewa. Mahaifiyata daga cikin gida ta ce alhamdu lillahi, Likita ya warke. Da muka zo ɗora kaya, mahaifina ya miƙo mini igiyar jakin gaba, wadda bai taɓa ba kowa ba.

Abin da na gaya wa jikana ke nan. Ban san abin da mutanen Masar suka bauta wa ba, ban karanta Girkawa ba, ba kuma zan yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Mai yiwuwa masu ilimi sun sami wuraren da aka yi aro da gaske. Ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa, kuma abin da ya raba ni da Likita a akida bai taɓa gushewa ba har ya koma ƙasarsu. Amma na ga labari biyu sun yi kama kamar tagwaye, mai ilimi ya rantse wannan ne ya haifi wancan, ashe juye take. A zamaninmu mai magana yana zaune a gabanka, kana iya tsayar da shi ka ce daga ina. Wannan da ke cikin waya ba ya tsayawa, ba ya kuma jin tambaya, ga yaranmu suna haɗiye abin da ya faɗa da ɗuminsa. Na yi gidaje, na aurar da 'ya'ya, na je Makka, amma in aka ce in nuna abu guda da na yi da ƙuruciyata wanda ba na jin kunyarsa, wannan tambaya zan nuna.

Ba ni kaɗai na gani ba. Gardi Hamani yana tsaye a wurin, ya yi ta ba da labarin a Karakara har Allah ya karɓi ransa. Baba da Likita sun daɗe da rigaye mu. Bibata kuwa tana nan da ranta a gidan ɗanta a Zabori, idonta ya tafi amma bakin yana nan. Duk mai shakka ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta labarin Madam da giwan ruwa, sai dai ya yi haƙuri ta gama dariya tukuna.